Ranar da Aka Dama Min Lemo Mai Hawa Uku

Ni dai a unguwarmu ba a san ni da komai ba sai abin sha. Ba na ɗinki, ba na kitso, kuma ko ƙofar gida sai in yi sati ban leƙa ba. Amma in aka haihu a layinmu, ko aka yi sauka, ko wani ya dawo daga aikin Hajji, tun kafin a nemi mai yanka rago ake aiko min da zoɓo da citta da kanumfari. A hannun kakata na koya tun ina budurwa a Gangare, na taho da abina gidan aure nan wajen Farin Gada, yau shekara kusan talatin. Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, lemon tsamiya. Har maƙwabtanmu Kirista, in Kirsimeti ta zo, tukunyata ake ɗorawa.

Shi ya sa maganar da 'yata ta yi min ta tsaya min a wuya. 'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Tana aiki a wani ofis a Kuru, can ta haɗu da wanda za ta aura, yaro mai hankali, ɗan Fulanin da suka zauna a wajen tun kakanni. Suna da shanunsu, shi kuma ya yi boko. Aka yi tambaya, aka sa rana, saura kawo lefe. Wata Asabar ta zo gida, ina zaune ina tsince aya a faranti, sai ta fara kewaye-kewaye. Wai kar in wahalar da kaina. Wai yanzu akwai masu wannan sana'a, waya kawai za a buga musu su kawo komai a kwalabe masu takarda a jiki, da na ranar lefe da na ranar biki. Wai ƙafata tana ciwo. Ƙafata kuwa ranar lafiyarta ƙalau.

Na ce ta daina zagaye ta fito fili. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, zoɓonki babu wanda ya kama ƙafarsa. Amma a jarka ake kawo shi, a zuba a kofin roba. Matan gidansu akwai waɗanda ke zaune a Abuja."

Ban yi fushi a gabanta ba, ayar ce dai ta sha tsinta har da wadda ba ta da laifi. Na shayar da bikin 'ya'yan mutane da ban san iyakarsu ba, sai na 'yar cikina ne za a ce in koma ɗaki in sa lalle kamar baƙuwa? A ƙarshe muka yi yarjejeniya. Abin shan ranar lefe ni zan yi. In dangin ango suka tafi suna yabawa, na biki ma nawa ne. In ba su yaba ba, ta kira masu kwalabenta, ba zan ƙara cewa uffan ba.

Katanga ɗaya ce tsakanina da maƙwabciyata. Madam muke ce mata, nas ce da ta yi ritaya, 'yar asalin nan Filato, kuma ita ce babba a zumuntar matan cocinsu. Shekara ashirin muna miƙa wa juna gishiri da garwashi ta kan katangar nan. Hausarta irin ta cikin Jos ce, wadda kowa namiji ne a cikinta. Ni "kai" ce, 'yata "shi", akuyarta ma in ta yi nauyi sai ta ce ya kusa haihuwa. Da ina gyara mata, daga baya na bari, don ita ma haƙuri take yi da Turancina. Ita na kai wa kukana da yamman nan. Ta saurare ni tsaf, ta shiga ɗaki ta fito da wayarta, ta miƙo min ta kan katanga.

Hoton wani tambulan ne dogo. Ƙasansa ja, tsakiyarsa rawaya, samansa fari, kowane launi ya tsaya a wurinsa kamar an ja musu layi da rula. Na ce wannan ƙaryar waya ce, ruwa ba ya hawa kan ruwa. Ta rantse ta sha shi da bakinta a bikin 'yar ƙaninta. Na tambayi sunansa, ta faɗi wani abu da Turanci mai kama da sunan maganin tari. Na ce ni dai tunda bene ne, lemo mai hawa uku zan kira shi.

"Mama, wannan za ka yi musu," in ji ta. "In sun gani, bakinsu zai mutu."

Sati biyu na yi ina gini yana rushewa. Jan na san zoɓo ne, wannan gidana ne. Rawayan mangwaro, lokacinsa ne kuwa, motocin Binuwai suna ta sauke shi a Farin Gada. Maigidana, Malam, dillalin dankalin Turawa ne a kasuwar, don haka kullum da la'asar yake shigo min da leda, yana tambaya ko asibiti na buɗe. Farin kuma na ce madara.

Ranar farko na zuba su ɗaya bayan ɗaya da bismillah, suka rungume juna nan take, suka koma kalar ruwan kududdufin kuza. Rana ta biyu na zuba a hankali, madarar tana taɓa tsamin zoɓo ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji kamar za a yi awara. Na kori madara na kawo kunun aya, shi ba ya faɗa da kowa. Duk da haka in na zuba sai ya nutse, jan ya taso, in tsaya ina kallonsu kamar yaran da aka hana faɗa suka ƙi ji. Abin da ya lalace ba na zubarwa, mu muke shanyewa. A satin nan har mai kawo mana ruwa sai da ya fara sauke jarka a ƙofa ya juya da sauri, don kar a ce ya ɗanɗana.

A kofin shayin Malam na gano bakin zaren. Da zuma yake sha, kuma kullum in zan wanke kofin sai in tarar da ita kwance a ƙasa, shayin ya bar ta a nan. Na tsaya da kofin a hannu na ce ashe zaƙi nauyi ne da shi. Mai sukari da yawa shi ne zai zauna a ƙasa, mai kaɗan ya hau kansa, marar sukari ya hau can sama. Na dafa zoɓo da sukari har ya yi kauri yana bin cokali. Na niƙa mangwaro marar zare a bilenda na tace, na ɗan sa masa sukari. Kunun ayar na tace shi sau biyu ya yi ruwa-ruwa, ko dabino ban sa masa ba. Madam ta ƙara min da nata ilimin, ta ce komai ya yi sanyi ƙarara, a fara sa ƙanƙara, sannan a kifa cokali a jikin tambulan a riƙa zubawa ta bayansa, a hankali, kamar mai ɗiga wa jariri magani a ido.

Ranar da ya tsaya, ni ma tsayawa na yi. Ja, rawaya, fari, babu wanda ya shiga gonar wani. Na ɗora shi a faranti na nufi Malam ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali. Yana zaune a kan tabarma da rediyo a kunne, ana labarin farashin taki. Ya miƙo hannu bai ko kalle ni ba, ya ɗauki cokalin shayinsa da ke gefe, ya zura, ya juya sau uku, ya kafa kai. Da ya sauke ya ce sukari ya yi daidai.

Na tambaye shi me ya gani a cikin tambulan ɗin kafin ya sha. Ya ce lemo. Na ce kala nawa? Ya leƙa ragowar ya ce ɗaya. Da na yi masa bayanin abin da ya rusa, sai ya ce in yi haƙuri, shi ya ga abu ya kwanta ne ya tashe shi, kuma tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa miƙo masa abin sha ya kai baki bai motsa ba.

Na kwashi farantina cikin haushi, amma da na koma kicin na ga gaskiyarsa. Mu hannunmu da kansa yake juya abu. Fura damawa ake yi, koko a juya, kunun zaƙi a gora sai an girgiza shi kafin a buɗe. Kuma a wurinmu in abin sha ya rabu, ruwa a sama gari a ƙasa, ba ado ba ne, abin kunya ne. Cewa ake ya tsinke, mai shi ba ta iya ba. Ni kaina na sha taɓe baki a gidan suna saboda haka. Ashe sati biyu na yi ina koyon yin abin da duk macen kirki take gudu.

Ga shi kuma ranar lefe ba ni da bakin magana. Uwar amarya ba ta fitowa gaban masu kawo kaya, balle a kan 'yar fari. Ƙannena da matan 'yan'uwa su ne za su karɓi baƙi, ni ina ciki. Don haka na yi shiri biyu. Na farko, na kwashe duk cokulan gidan na kulle a drowa. Na biyu, na ba Madam saƙo, tunda ita za ta ɗauki tire. Dole ma ita za ta ɗauka, don tambulan goma sha biyun nata ne, na cikin kabad ɗin falonta, waɗanda ko limamin cocinsu ya zo ba ta fito masa da su. Na ce in ta ajiye ta ce uwar amarya tana gaisuwa, ta ce don Allah kada ku dama shi, haka ake shansa. Na sa ta maimaita sau uku, ta faɗa daidai. Ita kuma ta dage sai an sa irin tsinken roban nan mai rami da ake zuƙar lemo da shi, wai a hoto ma akwai shi. Raina bai so ba, don abin ya yi min kama da ƙaramar muciya, amma tambulan nata ne.

Ranar ta zo da ɗaukewar wuta tun safe, sai a firizar Madam muka samu ƙanƙara, ana miƙo min ta kan katanga a cikin kula. Bayan azahar muka ji motoci sun tsaya, aka rangaɗa guɗa, aka fara shigo da akwatuna. Tagar kicin ɗina tana kallon ƙofar falo, in na ɗan ɗaga labule ina ganin rabin ɗakin, kuma ina jin komai.

Babbar tawagar yayar mahaifin ango ce, kowa Goggo yake ce mata. Tsohuwa ce doguwa siririya, wadda aka ce ta yi shekara arba'in tana kai nono Bukuru a ka kafin 'ya'yanta su sauke mata ƙwarya. Ita ta buɗe gaisuwa. Ta gaida kowace mace ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi gajiya, ta tambayi shanu, alhali ko kaza ba mu da ita. In ta kai ƙarshen layi sai ta tuna ba ta tambayi ruwan bana ba, ta sake dawowa farko. Ni kuwa na riga na gina bene goma sha biyu, na yanka sitiroberi na maƙala a bakin kowane tambulan, ina tsaye ina kallon ƙanƙara tana zufa. Addu'ar da na yi a tsayen nan, ko ranar da 'yar tawa ta rubuta jarrabawar fita sakandare ban yi irinta ba.

Da aka gama buɗe akwatuna aka shafa fatiha, na ce wa Madam bismillah. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ɗauki tiren. Wallahi ya yi kyau. Hasken ƙofa ya bugi tambulan ɗin, jan nan ya yi kamar a taɓa shi ya ƙone hannu. Tana shiga falon hira ta tsaya cak. Ta bi kowa ta ajiye masa nasa, ta koma tsakiyar ɗaki ta haɗa hannuwa kamar za ta ba da sanarwa a coci.

"Maman amarya ya ce a gaishe ku da kyau. Ya ce wannan lemo, don Allah kada ku damu da shi, ku sha shi haka."

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma kunnena ba ya barin komai ya wuce. Dama na aike ta da shi, ta kai musu damu. Ɗan ƙaramin sauti ɗaya ne a ƙarshen kalma, amma ya mai da umarnina ban-haƙuri. Abin da matan nan suka ji shi ne, uwar amarya ta san lemonta ya lalace, tana roƙon a rufa mata asiri.

Goggo ta ɗaga tambulan ɗinta sama ta duba shi ta hasken taga, ta ɗan karkata shi, irin kallon da take yi wa nonon da ya kwana biyu. Na ga tausayi ya sauko mata a fuska. Ta ce ba komai, ba komai, yana faruwa ga kowa. Sai ta jawo gefen mayafinta ta rufe tambulan ɗin a cinyarta, ta kama tsinken roban nan, ta fara damawa a ɓoye, idonta yana kan bango kamar ba ita ba. Ta ɗan waiga ta kalli ta kusa da ita. Ita ma ta ja mayafi. Haka abin ya bi layi, mace bayan mace, kowa ta kau da kai tana juya hannu a ƙarƙashin gyale. Ba ka jin komai a falon sai ƙarar ƙanƙara tana bugun gilashi.

Mutum ɗaya ce ta gane abin da na yi, wata matashiya mai gilashin ido, cikin 'yan Abujan. Tun da aka ajiye mata nata fuskarta ta washe, ta zaro waya tana neman inda haske ya fi kyau. Na ce alhamdulillahi, ga mai shaidata. Ta buɗe baki za ta yi magana ke nan, Goggo ta jefa mata wata kalma da Fulatanci, sannan ta ƙara da Hausa ƙasa-ƙasa.

"Mai da wayar nan jaka. Gidan surukai kika zo, ba a ɗaukar hoton irin wannan."

Yarinyar ta mai da waya. Ta kalli benenta na ɗan lokaci, ta ja mayafi ita ma. Ƙannena da na san sun san gaskiya, da suka ga baƙi sun dama, sai suka ga rashin kunya ne su zauna da nasu a tsaye, su ma suka dama.

Madam ta faɗo kicin tana haki, tiren a hammata. Ta ce da bakinta ta gaya musu, kowa ya ji, amma mutanen nan kamar da gayya. Ta ce bari ta koma ta yi musu bayani da Turanci. Na riƙe mata zane. Na buɗe baki zan gaya mata abin da ta faɗa, sai na ga gumin da ke bin wuyanta. Matar nan tun asuba take tsaye a kaina, ta bar taron zumuntarsu saboda ni, ta fito da tambulan da take ji da su kamar 'ya'ya. Na ce, "Kin faɗa, Madam, na ji ki da kunnena. Zauna ki sha ruwa." Har yau a wurinta Fulanin Kuru ba sa jin magana.

Can sai ga ƙanwata ta leƙo, wai baƙi sun shanye, suna tambaya ko da saura. Akwai saura, kowanne a jug ɗinsa. Na dube su su uku, na ɗauko babbar roba na juye su gaba ɗaya, na buɗe drowa na ɗauko ludayi na dama da hannuna. Kafin in ba ta na ɗanɗana. Abin da ya fi ba ni haushi a ranar duka shi ne, ya fi daɗi a haka. Zaƙin ƙasan ya ratsa, ayar ta kwantar da tsamin zoɓon, mangwaron ya riƙe su. Kalar ce dai sai a rufe ido.

Da za su tafi, Goggo ta ce ba za ta wuce ba sai ta gaida uwar amarya. Na gudu ɗakina na zauna a bakin gado na ja mayafi. 'Yata tana uwar ɗaka a ɓoye tun safe, labule ne kawai tsakaninmu. Tsohuwar ta shigo ita kaɗai ta turo ƙofa, ta ƙi kujera ta zauna a kan darduma. Bayan mun gaisa, har da shanu, ta matso ta kama hannuna.

"'Yata, kar ki sa abin nan a ranki. Ni da kike gani, nono ya sha tsinke min a tsakiyar kasuwa. Hannunki yana da kyau, ɗanɗanon ya yi, babu wadda ta rage. Aiki ne ya yi miki yawa, kika zuba ba ki dama ba. Saman babu sukari, duk ya gudu ƙasa. Maburgi kawai ya rasa."

Bayanin yana kan harshena. Sati biyu, bayan cokali, zumar kofin Malam, duk sun taru suna neman hanyar fita. Kalma biyar ta isa in wanke kaina. Amma in na faɗa, tsohuwar nan za ta gane cewa ita ce ta jagoranci mata goma sha ɗaya suka rushe kwalliyar surukai a ƙarƙashin mayafi, har ta tsawata wa wadda ta gane. Za ta fita daga gidana da kunya, kuma gidan da za ta kai kunyar nan, can 'yata za ta zauna.

Ina cikin wannan lissafi ta ci gaba. Ta ce abin da ya fi burge ta shi ne ban ɓoye ba. Wata da ta zubar ta aika a sayo na kwalba, ta zauna tana hura hanci. Ni kuwa na aiko da abina yadda yake, na haɗa da ban-haƙuri. Ta ce tun a falo ta gaya wa matan gidansu, wadda ta faɗi gaskiya a kan lemo ba za ta ɓoye musu halin 'yarta ba, hankalinta ya kwanta da wannan aure.

Na haɗiye bayanina, ya wuce da ƙyar kamar busasshen ɗanwake. Na ce, "Na gode, Goggo. Yadda kuka rufa min asiri, Allah ya rufa naku."

Ta ce amin. Ta tambaya wa zai yi abin shan biki. Na ce yaran zamani suna maganar masu kwalabe. Ta saki hannuna ta ce ba a bikin ɗansu ba. Abin da ba a san hannun da ya yi shi ba, ita ba ta sha, kuma ba za a ba baƙinta ba. Ni zan yi. Ita kuma za ta zo kwana biyu kafin ɗaurin aure ta tsaya min, don kar a sake samun irin na yau.

Motocinsu na tashi 'yata ta fito daga uwar ɗaka ta zube a kan gado, tana dariya har da riƙe ciki, hawaye yana bin kuncinta. Ta ga hoton benen tun ranar da ya fara tsayawa, don Madam ta tura mata, ta san komai. Da ta samu numfashi ta ce ita fa ba ta gane ba, yabawa suka yi ko tausayawa, don yarjejeniyarmu a kan yabo ce. Na ce tambulan goma sha biyu sun dawo a bushe, roba guda ta bi bayansu. In kuma tana da ja, ga waya nan, ta kira Goggo da kanta ta gaya mata masu kwalabe za su zo. Ta kalli wayar ta kau da kai. Can ta matso ta ɗora kanta a kafaɗata, abin da rabonta da yi tun tana firamare, ta ce ta ji lokacin da na yi shirun nan kafin in ce na gode, ita ma numfashinta ɗaukewa ya yi. Na ce ta tashi min daga jiki, zafi ake yi.

Goggo ta cika alkawari. Ranar Alhamis da hantsi aka sauke ta a ƙofar gidanmu da ƙullin kayanta, da ƙwarya biyu, da maburginta wanda hannu ya goge shi har yana ƙyalli. Ta zauna a kan kujerata ta tsugunno, wadda ko Malam bai taɓa zama a kai ba, ta ce in fara tana gani. Kwana biyu babu abin da ya fita daga kicin ɗin nan bai bi ta ƙarƙashin maburginta ba. Kunun aya ta burga shi, lemon tsamiya ta burga shi. Zoɓo tsurarsa, wanda babu abin da zai kwanta a cikinsa, shi ma sai da ta burga. In mata suka shigo suna yaba ƙamshi, sai ta nuna ni da haɓa ta ce ai hannun uwar amarya ne, Allah ya ba ta, damu ne kawai bai zauna mata ba tukuna. Matan layinmu da suka shekara talatin suna shan abin hannuna sai su kalle ni, ni kuma in kalli tukunya.

Abin sha dai ya wadaci biki, har 'yan Abujan suka cika gorunansu suka tafi da shi. Ranar Lahadi da za a mai da Goggo gida, ta sa na zuba ruwa a ƙwarya, ta miƙo min maburgin ta ce in gwada ta gani kafin ta tafi. Na sa shi tsakanin tafukana na murza, ni da na fara burga kunu tun ban kai tsayin turmi ba. Ta sunkuya tana kallon ruwan yana juyawa, ta daɗe, sannan ta gyaɗa kai ta ce na fara kamawa, in dai ban yi wasa ba, kafin suna zan iya.